Yadda Ɓeraye Suka Yi Renon Ɗan Mage

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho tana jan zane.

Kun yi shiru, kowa baki cike da gyaɗa. To bari in amsa muku: ta zo mu ji ta, in ta yi kauri mu ƙara mata ruwa.

Wani gari ne. A garin akwai wani gida, a bayan gidan akwai rumbu, a ƙarƙashin rumbun kuma akwai unguwar ɓeraye. Unguwa ce sosai, da lunguna da zaure, har da mai unguwa, wani ƙaton burgu ana ce masa Ɓarau. Shi Ɓarau bai taɓa zuwa sata da ƙafarsa ba. Amma duk wanda ya sato abu sai ya fara kai masa ya ɗanɗana, wai don a tabbatar babu guba.

Abu ɗaya ne ya hana unguwar nan sakewa, magen gidan. Ba ta sallama, ba ta gaisuwa. Sai dai a wayi gari a ga wane bai dawo ba.

Rannan sai mage ta yi kuskure, ta tsoma baki a ƙwaryar man shanun maigida. Sai maigida ya manta da duk ɓerayen da ta kashe masa, ya tuna da man shanu. Ya tusa ta a buhu, ita da 'ya'yanta, ya ba wani mai jaki ya kai su ƙetaren kogi. Garin sauri sai maigida ya bar ɗaya a gindin rumbu. Ɗan mitsitsi ne, idonsa bai daɗe da buɗewa ba, haƙoransa sun fara tsirowa kamar tsakin shinkafa.

Ɓeraye suna cikin rawar murna sai suka ji wani siririn kuka. Sai makaɗi ya yar da ganga. Aka leƙa, aka ga ɗan mage yana rawar sanyi.

Wani ya ce, "A jefa shi rijiya!"

Aka ce, "Madalla. Wa zai ɗauka?"

Sai kowa ya shiga duban farcensa.

Sai Ɓarau ya gyara zama, ya shafa tumbi, ya ce, "Ku dai cikinku ya fi kanku aiki. Ku gaya mini, me ya mai da mage mage?"

Suka ce, "Ranka ya daɗe, haka aka halicce ta."

Ya ce, "Wannan amsar ragwaye ce. Nama ne. Nama take ci, shi ya sa ta zama abin da ta zama. Mu me muke ci?"

Suka ce, "Gero."

"Me muka zama?"

"Ɓeraye!"

Ya ce, "To shi ke nan. A ɗora yaron nan a kan gero tun bai san ɗanɗanon komai ba. In ya girma ɓera zai tashi, ɓera mai farce, ɓera mai tsalle. Mun samu dogari ke nan."

Fadawa suka ce, "Kai! Ranka ya daɗe, ashe kan nan naka ba a banza ya yi girma ba!"

Sai aka zo batun wadda za ta yi riƙo. Ɓarau ya duba, ya duba, ya nuna wata macen ɓera mai suna Tabawa, wadda take zaune ita kaɗai a raminta.

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, uwar yaron nan fa ita ta cinye mini 'ya'ya kaf, har da autan."

Ɓarau ya ce, "Shi ya sa. Ta ɗauki naki, kin ɗauki nata. Shari'a ta ƙare, a tashi."

Aka turo ɗan mage, aka ja shi, aka kai shi bakin ramin Tabawa, aka raɗa masa suna Tsintau. Tabawa ta yi rantsuwa kunu kawai za ta ba shi, ko fuskarsa ba za ta duba ba. Sai sanyi ya kama yaro. Sai ya lallaɓo ya cusa kansa a cikinta, maƙoshinsa ya shiga wani gur-gur-gur, kamar ana niƙa a maƙwabta. Ta ture shi, ya dawo. Ta sake ture shi, ya dawo. A na ukun sai ta ce, "Ɗan banza, kai ko kunya babu," ta ɗora masa wutsiya a baya. Rantsuwa ta bi ruwa.

Aka dama kunun gero. Tsintau ya sansana, ya kau da kai. Sai matan unguwa suka taru aka yi masa ɗura irin ta iyayenmu. Wata ta danne ƙafafu, wata ta toshe hanci, Tabawa ta tara hannu a bakinsa tana zubawa. Ya haɗiya, ko yana so ko ba ya so. Safe kunu, rana kunu, yamma kunu.

Ba a daɗe ba cikin yaro ya taso kamar tulu. Ƙafafu suka koma tsinken tsintsiya. Gashi ya yi ja yana zuba, ido ya cika da kwantsa. In ya miƙe sai ya yi tangaɗi ya faɗi.

Tabawa ta je gaban Ɓarau, ta durƙusa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, yaro fa yana lalacewa."

Ɓarau ya ce, "Alhamdu lillahi. Magen da ke jikinsa ce take fita. Ki ƙara kunu."

Ta fito tana ƙunƙuni. Sai ta zarce turken akuya. Ta same ta tana tuƙa, ido a lumshe.

Ta ce, "Sannu da hutawa, Yaya Akuya. Ke da kika goya da yawa, me ake ba yaro in ya ƙi kunu?"

Akuya ta ce, "Nono mana. Wannan ma tambaya ce?"

"To ki sam mini naki."

Akuya ta buɗe ido ɗaya. Ta ce, "Nawa? 'Yan biyu gare ni, ga uwargida tana tatsa kamar ita ta haife ni. Je ki ɗaki, akwai na shanu a ƙwarya. Nono ai nono ne."

Tabawa ta samo ɓawon ƙwai, ta yi ta jigilar nonon shanu. Tsintau ya sha, ya lashe, ya nemi ƙari. Ta ce yau ta dace. Kafin la'asar sai cikin yaro ya fara kiran sallah. Sai zawo. Zawo ba na wasa ba. Unguwa ta gagari zama, maƙwabta suka toshe ƙofofinsu da tsumma. Yaro ya ƙara zubewa, fata ta manne da ƙashi.

Sai aka ce mata ta je wurin Malam Jaba, boka. Shi Malam Jaba ba a tambayar gidansa, hanci ne yake kai mutum. Tabawa ta shiga tana numfashi da baki, ta ajiye gyaɗar kafin alƙalami.

Malam Jaba ya buga ƙasa, ya share, ya sake bugawa. Ya ce, "Iskar uwarsa ce ta biyo shi. Ki daka albasa da tafarnuwa da barkono, ki ɗura masa. Ba iskar da za ta jure wannan."

Tabawa ta ce, "Malam, shi yaron zai jure?"

Ya ce, "Ni aikina iska. Yaro naki ne."

Ta daka, ta ɗura masa kaɗan. Allah Ya taimaka, ya amayar nan take. Amma daga nan sai ya kwanta. Ya daina kuka. Ko gur-gur ɗin nan da yake yi in ta matso, ya daina. Ta taɓa kunnensa, sanyi ƙalau.

Tabawa ta zauna ta yi tagumi. Ta ce, "Na tambayi mai mulki, na tambayi mai nono, na tambayi mai wari. Duk cikinsu ba wanda ya taɓa haihuwar mage."

To a gidan da ke bayan katanga akwai wata mai sayar da bandar kifi. Tana da tsohuwar mage ana ce mata Hajjo, wadda ta yi goyo har ta gaji, haƙori ɗaya ya rage mata. Amma haƙori ɗaya a bakin mage ya ishi ɓera makoki.

Tabawa ta jira rana ta take, lokacin da Hajjo ta ci ta ƙoshi tana miƙe a inuwa kusa da kwandon kifi. Ta bi ta wata tsaga a katanga, ta tsaya daga ciki, hanci kawai ta fitar.

Ta ce, "Salamu alaikum, Gwaggo."

Hajjo ta ɗaga kunne. Ta ce, "Wa nake ji kamar abinci yana sallama?"

"Ni ce Tabawa, ta ƙarƙashin rumbu."

"Fito mana mu gaisa sosai, 'yar nan."

"Mura nake yi, Gwaggo, kada in shafa miki."

Hajjo ta yi dariya har haƙorin ya bayyana. Ta ce, "To faɗi abin da ya kawo ki, mai mura."

Tabawa ta kwashe labari ta faɗa mata, tun daga buhu har zuwa barkono. Hajjo ta tashi zaune.

Ta ce, "Kunu? Ɗan mage kuka yi wa ɗurar kunu? Ke, duba bakin nan nawa. Ko da yake an yi gwanjon haƙoran, kin ga dutsen niƙa a ciki? Mu ba ma niƙa, yagewa muke yi. Nama ne yake gina mu, tsoka da ƙashi da ido. Ki cika cikin ɗan mage da gero, kin cika buhu ne, yaro yana nan da yunwarsa."

"To nonon fa?"

"Nonon saniya na ɗan maraƙi ne. Ya yi miki kama da maraƙi? Albasa da tafarnuwa kuwa guba ce gare mu. Wannan bokan naku a gaishe shi, in ya leƙo nan ina da saƙo."

Tabawa ta ce, "Gwaggo, ko za ki karɓe shi? Jininku ne."

Hajjo ta ce, "Nonona ya ƙafe tun kina ciki, kuma uwar ɗakina ta ce in ta sake ganin ɗan mage a gidan nan har ni za ta kora. Ke dai saurara. Haƙora sun fito masa?"

"Sun fito, ƙanana."

"To zai ci. Ki samu kifi, ki zare ƙayar tsaf, ki jiƙa a ruwa ya yi laushi, ki dame shi kamar fate. Ban da gishiri, ban da yaji. Cikinsa bai fi goro ba, saboda haka kaɗan za ki ba shi, ki bari ya huta, ki sake ba shi, haka har yini ya ƙare. Kada ki danne shi, kada ki toshe masa hanci. Ki shafa masa a leɓe, shi zai nema da kansa. Ruwa mai kyau ya zauna kusa da shi kullum. In ƙarfi ya fara zuwa, ki ƙara da dafaffen ƙwai, da fara, da gyare. Yana girma kina ƙara yawa kina rage laushi."

Tabawa ta ce, "Ina zan samu kifi?"

Hajjo ta yi hamma, ta dubi kwando. Ta ce, "Ni ce mai gadin wannan. Kuma in rana ta take barci nake yi. Barcina nauyi gare shi, tsufa ne." Ta kwanta, ta juya baya. Can kuma ta ce, "Ke mai mura. Kin dai san abin da kike kiwo?"

Tabawa ta ce, "Na sani, Gwaggo."

"To. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗauki ta wajen wutsiya, ta fi tsoka."

Tabawa ta ja kifi ta koma. Ta zare ƙaya, ta jiƙa, ta dama, ta shafa wa Tsintau a leɓe. Shiru. Ta sake shafawa. Sai harshe ya fito, ya lasa. Sai ido ya buɗe. Sai yaro ya ɗaga kai yana neman hannunta. Ya so ya cinye duka, ta janye ƙoƙon. Ta ce, "A'a, maye. Gwaggo ta ce kaɗan-kaɗan."

Kullum in rana ta take, Hajjo tana barcinta mai nauyi, Tabawa tana jan kifi. Kunun da ake aiko wa yaro daga gidan mai unguwa kuwa ita take shanyewa, har ta yi kumatu.

Sai zawo ya tsaya. Sai tulun ciki ya sace. Sai gashi ya fito sabo, yana sheƙi. Gur-gur ya dawo, har ƙasar rami tana motsi. Yaro ya fara bin wutsiyarsa, ya fara dirar wa fara, ya fara wasa farce a gindin rumbu. Tun yana shiga rami har ya zama kansa kawai yake shiga. Daga baya ko kan ya ƙi.

Ɓarau ya zo gani da fadawansa. Ya zagaya Tsintau, ya bubbuga masa cinya. Ya ce, "Kun gani? Gero! Da na ce a ƙara kunu wasu har ƙunƙuni suke yi. Jibi za a naɗa shi Sarkin Dogarai, ni da kaina zan ɗaura masa rawani."

Fadawa suka ce, "Hangen nesa sai manya!"

Washegari da hantsi Tabawa tana gyara wa Tsintau gashin wuya, sai ta ji ya yi tsit. Ta duba, ta ga baƙin idonsa ya buɗe ya cika ido, wutsiya tana kaɗawa a hankali.

Ya ce, "Inna."

Ta ce, "Na'am, ɗan nan."

Ya ce, "Wani turare kika shafa?"

"Ni da turare? A ina?"

Ya haɗiyi yawu. Ya ce, "Wallahi Inna, yau ƙamshi kike yi. Har kunya nake ji."

Tabawa ta janye hannunta. Ta sauko daga wuyansa a hankali, da baya da baya, har ta kai bakin rami. Daga ciki ta tsaya tana kallonsa, ƙirji faffaɗa, ƙafafu kamar taɓare. Tsoro ya cika ta, daɗi kuma ya cika ta. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ka warke."

Sai ta ruga gidan mai unguwa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a fasa naɗin nan. Ba gero ne ya gina yaron nan ba. Kifi nake ba shi, da ƙwai, da fara. Mage ne, cikakke."

Ɓarau ya dubi fadawa, ya yi murmushi. Ya ce, "Kun ji mata ko? Da yaro yana ramewa shawarata ce. Yanzu da ya yi kyau ta zama tata."

Ta ce, "Ka ɗauki yabon duka, ranka ya daɗe, na bar maka. Rawanin dai a miƙa masa da sanda."

Ya ce, "A fitar da ita."

Ta bi gida-gida tana faɗa. Masu hankali suka ɗaure kaya. Masu son shinkafar biki suka ce sai sun gani da idonsu.

Ranar naɗi aka yi kiɗa, aka yi busa. Aka zaunar da Tsintau a gindin rumbu. Aka kawo rawani, wani ƙyallen da aka sato daga ɗakin uwargida. Ɓarau ya sha man gyaɗa a jiki yana ƙyalli, ya hau kan dutse, ya kama naɗi. Ya zagaya ta ƙeya, ya biyo ta kunne, ya zo yin amawali, wato ɓangaren da ake ja a rufe baki. Ya tsaya daidai hancin Tsintau, ya juyo wajen jama'a, ya ce, "Ku shaida, wannan aikin gero ne!"

Jama'a suka shaida.

Abin da aka gani na ƙarshe wutsiyar mai unguwa ce, tana yi wa talakawa ban kwana. Fadawa suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Malam Jaba ne kaɗai bai yi gudu ba, don shi ko mage ba ta cinsa.

Da ƙura ta lafa, Tsintau ya zo bakin tsagar katanga, rawani yana reto a kunne ɗaya. Tabawa tana ciki da ɗan ƙullin kayanta.

Ya ce, "Inna, na yi laifi ko?"

Ta ce, "Ka ci da ƙashi?"

"Na ci."

"To ka sha ruwa. Kuma kada ka kwanta nan take."

Ya ce, "Ki fito mana. Ke ba zan taɓa ki ba, na rantse."

Ta ce, "Na yarda da kai, ɗan nan. Cikinka ne ban yarda da shi ba, ni na gina shi, na san ƙarfinsa. Ka shiga gidan nan mai rumbu, maigida yana neman mage ido rufe, ɓeraye sun gama masa gero. Ka dai bar masa man shanunsa."

Sai ta bi ta cikin katanga ta tafi, ba ta faɗa masa inda za ta ba. Ya yi kira, ya yi kira, bai ji amsa ba.

Shi ya sa har gobe in mage ta kama ɓera ba ta cinye shi nan take. Sai ta ajiye shi, ta juya shi, ta sansana, ta sake shi ya ɗan taka ta ga irin tafiyarsa, ta kamo shi ta duba fuska. Ku kuna cewa wasa take yi. Dubawa take yi ko Inna ce. In ta tabbata ba ita ba ce, sai ta yi bisimilla.

To kun ji. Wanda ya ɗauki ɗan mage ya ba shi abincin mage, kaɗan-kaɗan, a kai a kai, ya bar kunu ga masu kunu. In kuwa shi ɓera ne, ya ba shi ɗin dai, amma ya fara neman gidan da zai koma.

Ƙurunƙus kan kifi. Wutsiyar ta mai riƙo ce.